Kawu, Masuncin Misfala

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Laraba da hantsi, a gidan da yake haya a unguwar Kudai, nan Makka, aka sallace shi a Harami bayan la'asar. Shi ne yayan Inna, mahaifiyata, kuma shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu. Da aka fita da shi ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gadonsa tana ninke rawunan da yake ɗaurawa in zai shiga teku. Ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa, har sai da matarsa ta zo ta karɓe su daga hannunta.

Mun ɗauka zaman makokin na dangi ne da tsofaffin maƙwabtanmu na unguwar Misfala, waɗanda rusau ya warwatsa cikin gari. Daidai adadinsu Yaya ya jera kujeru a ƙofar gida. Kafin magaribar rana ta biyu kujerun sun kasa. Motocin da gishirin teku ya cinye wa fenti suka riƙa tsayawa, mutane na fitowa da fuskokin da rana ta ƙone. Akwai Larabawan gaɓa, akwai 'yan Yaman, akwai Bangalawan da ke aiki a jiragen su. Yaya ya ce wani dattijo Balarabe, abokin Kawu tun suna samari, ya ƙi zama a kujerar baƙi. Ya je ya tsaya cikin layin masu karɓar gaisuwa, tsakanin 'ya'yan mamacin. Aka ce masa, "Ammi," wato baffa, "ga wurin zama can." Ya ce, "Ni ma gaisuwar za a yi mini."

A sama, wajen mata, wata tsohuwa baƙa siririya ta shigo tana ɗingishi. Mu duka Hala muke ce mata, wato gwaggo, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ta durƙusa gaban matar Kawu, ta ajiye ƙullin farcen dodon koɗi, wanda ake haɗa humra da shi, ta ce da Larabci, "Abin da teku ta ba ni ke nan a makon nan. Ba ni da wani abin kawowa." Sai a lokacin Inna ta fashe da kuka.

Jikokinsa 'yan mata, waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, suka ja ni kicin suna tambaya, "Su wa ne waɗannan duka? Mu dai mun san Jaddi kifi yake sayarwa." Haka suke kiran kakan nasu. Tambayar nan ce ta sa na zauna rubuta wannan. In jikokinsa ba su san shi ba tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, wa zai san shi nan gaba?

Kakanmu ɗan masunta ne daga ƙasar Yauri. Ya taho aikin hajji da ƙafa, ya haye teku daga Sudan, ya sauke farali, sai ya zauna. Allah ya ajiye masunci a garin da ba shi da kogi. Ya ƙare rayuwarsa yana ɗinkin huluna a wani ɗan shago a Misfala, yana ba 'ya'yansa labarin giwan ruwa da tarwaɗa kamar labarin aljanna. Labarin bai kama kowa ba sai Kawu. Yana tasawa ya bi wata motar kifi zuwa gaɓar da ke kudu da Jidda, ya yi wata uku ba a san inda yake ba. Da ya dawo, Kaka ya ɗaga sanda, sai ya ga tafin hannun ɗansa duk igiyar fatsa ta yayyanka shi. Inna ta ce ajiye sandar ya yi, ya ce, "Ruwan gishiri ne ko na daɗi?" Kawu ya ce na gishiri. Kaka ya ce, "To, ruwa dai ruwa ne."

Tun daga nan rayuwarsa ta rabu biyu. Asabar zuwa Laraba yana gaɓa, Alhamis da rana ya shigo Makka da tsohuwar a-kori-kurarsa, wadda a nan muke kira wanet, kuloli cike da ƙanƙara a baya. Lungunmu na Misfala mota ba ta shiga, sai ya tsaya a bakin titi ya danna ham sau biyu. Kyanwoyin unguwa kan riga mu isa. Ranar nan kowane gida a lungun shinkafa da kifi ake ci, ƙamshin albasar da aka soya har ta yi baƙi yana bin matakala. Har yau in na ji wannan ƙamshin sai in ga kamar in na leƙa taga zan ga lungun, alhali otal ne a wurin yanzu.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na faɗa. Yana da zafin rai, yana da taurin kai, kuma matarsa ita ta yi renon 'ya'ya shida kusan ita kaɗai. Takan ce, "Ni ranar Alhamis aka aura mini." Sunan 'ya'yansa biyu bai halarta ba, wai iska ta yi kyau. In ana hira ya gaji, sai ya ce "halas", wato shi ke nan, ya miƙe, ko da baƙo ke magana.

Amma akwai abin da na gani da idona tun ina ƙarama, lokacin da yakan kai mu gaɓa in an yi hutu. In jirginsa ya dawo, kafin a sauke komai, sai ya cika kwando ɗaya da kifi ya ajiye a kan yashi, nesa kaɗan. Daga nan ya juya wa kwandon baya, ya hau wanke jirgi, kuma ya sa duk wanda ke tare da shi ya juya. Matan da mazansu suka mutu, da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, su zo su ɗauka su tafi. Na taɓa waiwayawa, ya kama kunnena ya murɗa. "Ɗiyata, in kin ga fuskar mai ɗauka, kin karɓi kuɗin kifinki."

Kifi mai ƙwai ba ya shiga kularsa. Yakan shafa cikinsa da babban yatsa, ya cire ƙugiya a hankali, ya mayar da shi ruwa yana cewa, "Je ki, a gaida yara." Ba ya jefa anga a kan duwatsun murjani, sai ya yi ta kewaye yana neman yashi, ko da masu aikinsa na gunaguni. Lokacin hajji kuwa yakan bar teku gaba ɗaya. Ya tafi Muzdalifa da Mina yana raba ruwa, yana nuna wa alhazan da suka ɓace inda motocinsu suke. Da ya ji harshen mutanen Kabi, ya samu abin yi. Zai tsare alhaji ya tambaye shi kogin da bai taɓa gani ba: ko har yanzu ana kama giwan ruwa, ko ruwa ya ja baya, wa ke da ikon jefa koma, wa aka hana. Wani alhaji ya taɓa ce masa, "Bawan Allah, ni motata nake nema."

Saboda shi na karanta ilimin halittun teku. Da na gama, ya daina kirana ɗiyata, ya koma "Duktura", yana jan kalmar kamar mai gwada nauyin kifi. Na samu aiki da wata tawagar masu bincike da aka ba nazarin yankin gaɓarsu, don a ba da shawarar inda ya kamata a rufe wa masunta. Kifi ya ragu, wannan ba mai musu. Najil, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigo da ya fi kowane daraja a kasuwa, ya zama sai an yi sa'a. Mun yi nitso, mun auna murjani, mun zana taswira. Ni da hannuna na ja jan layi, na kewaye duwatsun da ke kusa da gaɓa har da ruwa marar zurfi da ke gabansu. Su ne muka fi sani, su ne kuma suka fi sauƙin tsaro.

Wata Juma'a bayan an ci abinci na shimfiɗa masa taswirar a kan darduma, ina jiran yabo. Ya sa tabarau, ya daɗe yana bin layin da yatsa.

"Wa ya ja wannan?"

"Ni, Kawu."

"Hala tana cikin layin ko tana waje?"

Na ce ban gane ba. Ya ce, "Nan da kika rufe, nan take shiga da ƙafa tana tsintar dodon koɗi. Ta busar da naman, ta cire farcen ta kawo Misfala. Humrar da uwarki ta sayar wa alhazai ta biya miki makaranta, daga ina kike zaton farcenta ke zuwa?"

Na ce akwai wasu duwatsun a can ciki, a buɗe suke ga kowa.

"Ga kowa," in ji shi. "Mai inji biyu zai je can ya dawo kafin azahar. Mai ƙaramin kwalekwale fa? Mai ƙafa fa? Waɗanda suka kwashe kifin kin bar musu nasu, waɗanda ke tsintar abin miya kin kulle musu ƙofa."

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Kawu, in ba a rufe ba, nan gaba ba mai samun komai. Mu ilimi muke bi, ba son rai ba."

Ya cire tabarau ya ninke. "Halas," ya ce, ya miƙe. Wata biyu ko gaisuwata ba ya amsawa da kyau. Inna ta shiga tsakani, ya ce mata, "Ba fushi nake ba. Jira nake iskar arewa ta taso."

Da ta taso, ya kira ni a waya. "Duktura, gobe ki zo gaɓa, ki zo da yayanki." Muka je da Yaya. Bai sa mu a jirginsa ba. Ya sa mu a kwalekwalen wani tsoho mai ido ɗaya, da ɗan inji mai tari, ya ce a kai mu duwatsun da na ce a buɗe suke ga kowa. Ba mu yi rabin hanya ba igiyar ruwa ta fara shigo mana. Yaya na kwarfar ruwa da gwangwani, ni ina amai ina salati, tsohon na riƙe da inji yana kallon Kawu. Sai da na ce, "Don Allah mu koma," sannan Kawu ya ɗaga hannu aka juya.

A kan yashi, ina zaune jiƙe sharkaf, bai yi mini dariya ba. Ya miƙo mini shayi ya ce, "Ke yau kawai. Shi kullum za ki aike shi."

Kwana uku na yi a gaɓar, a ɗakin Hala nake kwana. Kawu ya riƙa kai ni gida gida, ya zauna a waje, ni in shiga in saurara. A nan na san cewa akwai mutanen da ba sa cikin kowace takarda tamu, domin ba su da jirgi, ba su da lasisi. Na bi Hala cikin ruwa iya gwiwa, na ga yadda take barin ƙananan dodon koɗi, tana mayar da duk dutsen da ta ɗaga yadda ta same shi. Ba wanda ya koya mata wannan a aji.

Da na koma ofis na ce a sake duba layin, shugaban tawagarmu ya saurare ni da kyau, amma ya ce, "In mun buɗe nan, me za mu rufe? Kifin na buƙatar wurin hayayyafa, kuma ba mu san takamaiman inda yake taruwa ba." Gaskiya ya faɗa. Na kai wa Kawu maganar. Ya ce a kira taro.

An yi taron a wani zaure kusa da inda ake sauke kifi. Masu manyan jirage suna gaba, masu ƙanana suna baya, ni da wata abokiyar aikina muna gefe. Aka yi ta jayayya. Can Kawu ya tashi, ya zo gaban taswira, ya karɓi alƙalami daga hannun shugabanmu. Ya ɗiga wani wuri can cikin teku, inda mu ba mu ga komai ba sai shuɗi.

"A nan najil ke taruwa ya yi ƙwai," ya ce. "Shekara arba'in na san wurin. Mu biyu muka san shi. Ku rufe nan, har abada in kuna so, ni ne farkon wanda zai bari. Amma ku buɗe wa masu ƙafa da masu fatsar hannu bakin gaɓa."

Masunci ya fi yarda ya faɗa maka abin da ke tsakaninsa da matarsa da ya faɗa maka inda yake kama kifi. Na biyun da ya san wurin shi ne abokin nan nasa Balarabe. Su biyu ba sa taɓa wurin a lokacin ƙwai, amma sauran watanni daga kewayensa suka ciyar da gidajensu, suka aurar da 'ya'yansu. Dattijon ya miƙe, ya ce, "Ka ba da abin da ba naka kai kaɗai ba, ya Takaruni!" Kalmar da ake jifan irinmu da ita ke nan in ana son tuna mana asali, kuma a duk zamansu bai taɓa faɗa masa ita ba. Ya fita.

A mota na ce, "Kawu, me ya sa ba ka shawarce shi ba?"

Ya ce, "Da na tambaye shi zai ce a'a, ni kuma in ji kunyarsa. Na zalunce shi, na sani. Na zaɓi wanda zan zalunta ne cikin masu iya ɗauka."

Shekara biyu ba sa magana. Kawu bai taɓa kare kansa ba. Duk Alhamis kafin ya kamo hanyar Makka sai ya bi ta ƙofar gidan abokin ya yi sallama, ba a amsa, ya wuce. Ranar da aka kwantar da shi asibiti karo na farko, muna zaune sai ga dattijon ya shigo. Bai yi gaisuwa ba. Ya ja kujera ya zauna ya ce, "Jiya jikana ya kama najil a kan dutsen kusa. Ƙarami ne, na sa ya mayar." Kawu ya ce, "Da kyau." Suka koma gardamar wane wata iskar kudu ta fi ƙarfi, kamar jiya suka rabu.

Ba duk abin da ya nema aka yi ba. An rufe wurin da ya nuna, an bar bakin gaɓa ga masu ƙafa da masu fatsa, ban da watannin ƙwai. An ɗauki wasu tsofaffin masunta suna sa ido a kan wurin. Amma ya roƙa a ba ma'aikatan jirage baƙi baki a taro, aka ce ba su ne masu lasisi ba. Wani yanki na gaɓar kuma an kewaye shi da shinge don wani gini, Hala sai ta yi zagaye mai nisa da ƙafarta mai ciwo. Shi kansa kamunsa ya ragu sosai, har ya sayar da jirgi ya koma bin na wasu in yana jin ƙarfi. Matarsa ta ce masa, "Ka ba da gonarka, ka dawo kana kallon bango." Ya ce, "Gonar ba tawa ba ce, daɗewa na yi a cikinta."

Gidan Kudai bai taɓa karɓarsa ba. Tagarsa tashar motocin alhazai take kallo, ba lungu, ba maƙwabcin da zai leƙo. Yakan zauna yana sauraron ƙugin manyan motoci, ya ce in ya rufe ido kamar teku ce a ranar da ba a fita.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Litinin ne da la'asar, kwana biyu kafin rasuwarsa. Numfashinsa ya yi gajere, amma hankalinsa garau. Na faɗa masa za mu sake zama da mutanen gaɓa, za a duba yadda rufewar ta tafi.

"Yaushe?"

"Wata mai zuwa, Kawu. Da safe, a ofishinmu na Jidda."

Ya buɗe ido. "Da safe suna cikin ruwa. Kuma wa zai kai su Jidda? Tsohuwa za ta hau bene ta zauna gaban masu kwat ta yi magana?"

Na ce zan faɗa.

"Kada ki faɗa, ki yi. Bayan la'asar, a gaɓa, a shimfiɗa tabarma. Mata a yi musu nasu gefen. A samo mai jin Bangalanci. In wani ya yi shiru, shi za ki fara tambaya." Ya huta, ya ja numfashi. "Kuma ki ci abinci kafin ki tafi, ɗiyata. Kin rame."

Na sumbaci goshinsa na fita, ina sauri kada cunkoso ya tare ni.

Jiya aka yi taron. Bayan la'asar, a gaɓa, a kan tabarmi. Mun samu wani limamin Bangalawa ya yi mana tafinta. Can ƙarshen tabarma akwai wani ma'aikacin jirgi da ya zauna ya sunkuyar da kai, bai ce komai ba. Na ce wa limamin ya tambaye shi ko yana da magana. Mutumin ya waiga bayansa, yana zaton da wani ake. Da ya gane shi ake nufi, ya gyara zama, ya fara magana a hankali, ya ce shekararsa goma sha ɗaya a tekun nan. Bai gama ba har aka kira magariba, kuma ba wanda ya tashi sai da ya kai aya.

Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa, ɗan mai ɗinkin hula, masuncin garin da ba kogi. Ka yafe masa zafin ransa, Ka suturta shi yadda ya suturta bayinKa, Ka yalwata masa makwanci, Ka shayar da shi ruwan Alkausara. Mu da muka rage, Ka ba mu haƙurin rashinsa, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.